In ciwo ya ƙi magani: a zauna shawara tare da mara lafiya da iyalinsa

Akwai ciwon da ke warkewa in an sha magani. Akwai kuma wanda ke kai wa inda magani ba ya iya kawar da shi. Ciwon kansa in ya yi nisa, ko ciwon hanta, ko na ƙoda, ko na zuciya, duk suna iya kai mutum wannan matsayi. A irin wannan lokaci mukan ji ana cewa: "Babu sauran abin yi." Wannan magana ba daidai ba ce. Ko da ba za a iya warkar da ciwo ba, ana iya rage zafinsa. Ana iya taimakon mutum ya samu barci, ya ci ɗan abin da ransa ke so, ya yi hira da ƴaƴansa, ya cika kwanakinsa cikin mutunci.

Wannan aiki yana da masanansa. Sukan zauna taro su tsara yadda za a kula da kowane mara lafiya. Batun da za mu duba yau shi ne wannan: in za a yi irin wannan zama, ya cancanta a yi shi tare da mai ciwon da mutanen gidansa. Za mu ga dalili, mu ga yadda ake yi a wasu ƙasashe, sannan mu ga abin da za mu iya ɗauka.

Mine ne jinyar sassauci?

Turawa suna da wata irin kulawa da suke kira hosfis. Kulawa ce ta musamman ga mutumin da likitoci suka ga ciwonsa ba zai warke ba, kuma kwanakinsa sun soma ƙurewa. A nan za mu kira ta jinyar sassauci, domin manufarta ita ce a sassauta wahala. Ba a yin ta don a gaggauta mutuwa. Ba a kuma yin ta don a ja wa mutum wahala da aikin da ba zai amfane shi ba.

Wadda ta kafa wannan hanya a zamaninmu wata Baturiyar Ingila ce, sunanta Cicely Saunders. An haife ta a shekarar 1918, ta rasu a 2005. Da farko malamar asibiti ce mai kula da marasa lafiya. Daga baya ta zama ma'aikaciya mai duba matsalolin iyalansu. A ƙarshe ta koma karatu ta zama likita. A shekarar 1967 ta buɗe wani gidan jinya a birnin Landan mai suna Sen Kiristofa. Daga wannan gida aikin ya bazu cikin duniya. A Amurka an fara shi a 1974. A Afirka an fara shi a birnin Harare na ƙasar Zimbabuwe a 1979.

Bukatar tana da yawa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum wajen miliyon 56 da dubu 800 ke bukatar irin wannan kulawa kowace shekara. Amma kashi 14 bisa 100 kawai ke samun ta. Mafi yawan masu bukatar suna zaune cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi.

Ciwo kashi huɗu ne

Cicely Saunders ta daɗe tana zama kusa da marasa lafiya tana sauraren su. Har takan ɗauki maganarsu da na'ura don ta sake ji. Daga nan ta gane cewa wahalar mai ciwon ajali ba ta tsaya ga jiki kaɗai ba. Ta kasa ta kashi huɗu.

Na farko, ciwon jiki: zafi, amai, sarƙewar numfashi, rashin barci.

Na biyu, ciwon zuciya: tsoro, baƙin ciki, fushi.

Na uku, damuwar gida: wa zai ciyar da yara? Wa zai biya bashi? Ina za a samu kuɗin magani?

Na huɗu, damuwar da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa: son neman gafara, son yafiya daga waɗanda aka saɓa wa.

Waɗannan huɗu suna ɗaure da juna. Mutumin da tunanin bashi ya hana shi barci, zafin jikinsa ma ƙaruwa yake yi. Likita shi kaɗai ba zai iya magance su duka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa jinyar sassauci aiki ne na ƙungiya.

Yadda ake taron ma'aikata a Amurka

A Amurka, tun shekarar 1982 aka yi dokar da ta sa asusun gwamnati na kula da lafiyar tsofaffi ya riƙa biyan kuɗin jinyar sassauci. Ana karɓar mutum in likitoci sun ga mai yiwuwa ne abin da ya rage masa bai wuce wata 6 ba. Mafi yawan marasa lafiyar ba a asibiti suke kwance ba. Suna zaune inda suka saba zama, ma'aikata ke zuwa duba su.

Ƙa'idar ƙasar ta ce kowane mara lafiya sai an ba shi ƙungiyar masu kula da shi. A cikinta akwai likita, da malamin asibiti, da ma'aikaci mai duba matsalolin iyali, da mai ba da shawara kan al'amarin addini ko kwanciyar hankali. Su ne ke rubuta tsarin kulawa: wane magani za a ba shi, sau nawa za a zo duba shi, wane taimako gida ke bukata. Dole ne su sake duba wannan tsari aƙalla sau ɗaya cikin kowane kwana 15. Ƙa'idar ta kuma ce a tsara shi tare da mara lafiya, ko wakilinsa, da wanda ke jinyarsa a gida, in suna so. Bayan rasuwa ma, ana ci gaba da tallafa wa iyali cikin juyayinsu har tsawon shekara guda.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. Amma a aikace, sau da yawa ma'aikata su kaɗai ke zama taron. Dalilan a fili suke. Ana yin taron a ofis, nesa da gidajen mutane. Mara lafiya ba ya iya tafiya. Mai jinyarsa ba ya iya barin shi shi kaɗai. Kuma a zama guda ana duba zancen mutane da yawa, kowa minti kaɗan yake samu, ga shi bai kamata wani ya ji sirrin wani ba. Ta haka sai a yanke shawara a kan mutum, shi da iyalinsa ba su ji ba, ba su gani ba.

Tun cikin shekarun 2000 wasu masu bincike na Jami'ar Misuri, cikinsu har da Malama Debra Parker Oliver, suka nemi hanyar gyara wannan. Da farko sun kai wa iyalai wayar tarho mai nuna hoto. Daga baya suka koma amfani da intanet. In an zo kan zancen wani mara lafiya, sai a kira gidansa. Mai jinya ya ga ma'aikata, su ma su gan shi. Ya faɗi abin da ya gani, ya yi tambaya, ya ji amsa. In an gama sai a kashe waya, a wuce ga na gaba. Aikinsu ya nuna cewa abin yana yiwuwa, ko da gida yana nesa da ofis. Ya kuma nuna cewa zancen zafin ciwo da maganinsa yana cikin manyan abubuwan da ke damun masu jinya.

Abin da iyali suka sani, likita bai sani ba

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Malamin asibiti yakan zo ya yi awa guda ya tafi. Mai jinya kuwa yana nan dare da rana. Ga kaɗan daga abubuwan da ba za su fito fili ba sai an saurare shi.

Zafin da ke zuwa da dare. Mutum yana iya daurewa gaban baƙo, ya ce da sauƙi. Matarsa ce ta san bai runtsa ba tun tsakar dare. In ba ta faɗa ba, likita zai ɗauka maganin ya isa.

Maganin da ba a sha. Wani lokaci ƙwayar ta yi girma, mara lafiya ba ya iya haɗiye ta. Wani lokaci kuɗi ne suka ƙare. Wani lokaci kuma iyali tsoron maganin suke yi, sai su rage shi a ɓoye. In likita bai sani ba, yana iya ƙara magani a kan wanda ma ba a sha ba.

Burin mai ciwon. Wani yana son a kashe masa zafi ƙwarai, ko da zai yawaita barci. Wani ya fi son ya ɗan ji zafi, amma hankalinsa ya kasance tare da shi har ɗansa ya iso daga tafiya. Wani babban burinsa shi ne ya cika a ɗakinsa. Babu na'urar da ke auna wannan. Sai an tambaya.

Gajiyar mai jinya. Wanda ya yi wata uku yana ɗagawa, yana wankewa, yana kwana zaune, shi ma yana bukatar a dube shi. In ya faɗi, jinyar duka ta faɗi.

Zama tare yana da wani amfani kuma. Kowa yana jin magana ɗaya, daga baki ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan yana rage "an ce, ka ce" tsakanin ƴan'uwa, yana rage zargi bayan rasuwa.

Darasi daga Yuganda

Kada mu ɗauka wannan aikin ƙasashe masu arziki ne kaɗai. A shekarar 1993 wata likita mai suna Anne Merriman ta fara jinyar sassauci a Kampala, babban birnin Yuganda. Yawancin aikin a gidajen mutane ake yin shi. Ma'aikata ke bin marasa lafiya har ɗakinsu.

Babban makaminsu shi ne maganin zafi mai ƙarfi da ake kira morfin. Suna haɗa garinsa da ruwa, a zuba a kwalba, mara lafiya ya riƙa sha ta baki. Ana saka masa launi don a bambanta mai ƙarfi da mara ƙarfi. A shekarar 2004 gwamnatin Yuganda ta ba malaman asibiti da suka samu horo na musamman izinin rubuta wannan magani, saboda likitoci sun yi ƙaranci a karkara.

To, wa ke auna maganin ya ba mara lafiya kowace awa 4? Ɗiyarsa ce, ko matarsa, ko ƙanensa. Saboda haka dole a zauna da su a yi musu bayani. Su san cewa ana ba da maganin a kan lokaci, ba a jira sai zafi ya dawo. Su san cewa yakan kawo taurin bayan gida, don haka ake haɗa shi da maganin da ke sassauta ciki. Su san cewa yakan sa gyangyaɗi a kwanakin farko. Su san cewa in an bi awon da ma'aikaci ya faɗa, ba ya gaggauta ajali. Su kuma ajiye shi inda yara ba za su kai hannu ba. Iyalin da ba a yi wa bayani ba, tsoro zai sa su ajiye kwalbar, mai ciwo ya kwana yana nishi.

Yadda zama mai kyau ke gudana

Masana wannan aiki sun bi hanyoyi da dama, amma akwai matakan da kusan kowa ya yarda da su.

1. A fara neman izinin mara lafiya. Shi zai faɗi wanda yake so ya zauna. In ba zai iya magana ba, a nemi wanda ya fi amincewa da shi.

2. A samu wuri mai sirri, kowa ya zauna. Ba a yin wannan magana a tsaye, a bakin ƙofa, cikin taron jama'a.

3. Kowa ya faɗi ko shi wane ne, da aikin da yake yi.

4. A fara da sauraro. Ma'aikaci ya tambaya: "Baba, mi aka gaya maka game da ciwon nan? Mi ya fi damun ka yanzu?" Sannan a juya ga mai jinya: "Inna, yaya dare yake wucewa?"

5. Likita ya yi bayani da harshen da kowa ke ji, a hankali, ba da manyan kalmomin asibiti ba. In ana bukatar tafinta, a samu babban mutum. Kada a ɗora wa yaro wannan nauyi.

6. A yanke shawara tare: wane magani, wane lokaci, wa zai yi mi.

7. Kafin a tashi, wani daga cikin iyali ya maimaita abin da aka tsayar, don a tabbata an fahimci juna. A rubuta shi. A sa ranar zama na gaba.

Wuraren da ake samun cikas

Abu na farko shi ne faɗin gaskiya. A ƙasashe da yawa, har da tamu, iyali sukan roƙi likita kada ya gaya wa mara lafiya girman ciwonsa. Tausayi ne ke sa su haka. Amma sau da yawa mai ciwon ya riga ya gane, domin jikinsa ya gaya masa. Sai ya zama shi yana ɓoye musu, su suna ɓoye masa, kowa yana kuka shi kaɗai. Hanyar da masana ke bi ita ce a tambaye shi: "Kana so a yi maka bayani duka, ko ka fi so a yi da ɗanka?" In ya ce a faɗa masa, a faɗa masa da taushi, kaɗan kaɗan. In ya ce ba ya so, kada a tilasta masa. Wanda ya san halin da yake ciki yana samun damar yin wasiyya, ya biya bashi, ya nemi yafiya, ya kira wanda yake son gani. Ranar cikawa kuwa, babu likitan da ya san ta.

Abu na biyu shi ne wa ke magana. Sau da yawa mai biyan kuɗi ko babban gida shi ke amsa tambaya, alhali mace ce ke kwana gefen gadon. Girmama babba wajibi ne. Amma in an bar mai jinya tana zaune shiru, an rasa labarin da ya fi muhimmanci. Ya kamata maigida da kansa ya ce: "A tambaye ta, ita ce ke tare da shi."

Abu na uku shi ne saɓani. Wani ɗa yana so a sayar da gona a tafi wani babban asibiti. Wani yana so a koma gida. Dukansu ƙauna ce ke motsa su. A nan sai a tambayi likita a fili: wannan tafiya za ta warkar da shi, ko za ta rage masa wahala, ko kuwa za ta ƙara masa gajiya? Sannan a koma ga mai ciwon a ji abin da shi yake so.

Mu fa, mi za mu ɗauka?

A asibitocinmu, daga Yamai zuwa Tawa, Maraɗi da Damagaram, iyali su ne ƙashin bayan jinya. Su ke kawo abinci, su ke wanki, su ke sayen magani, su ke kwana a tabarma. In an sallami mara lafiya ya koma ƙauye, dukan aikin a hannunsu yake komawa. Ke nan mun riga mun ɗauki nauyin. Abin da ya rage shi ne mu shiga cikin shawarar.

Ma'aikatan lafiya suna da aiki mai yawa. Saboda haka mu nemi zama da ladabi, mu tambayi lokacin da ya dace da su. Mu zaɓi mutum biyu ko uku, cikinsu har da mai jinya na ainihi. Mu je da dukan magungunan da ake sha, har da na gargajiya, domin wasu ba sa haɗuwa da juna. Matambayi ba ya ɓata. Ga tambayoyin da ya kamata mu rubuta kafin mu je:

Mine ne sunan ciwon, kuma ina ya kai?
Wannan magani na warkarwa ne ko na rage zafi?
Sau nawa za a sha, kuma da ƙarfe nawa?
In zafi ya tashi da dare, mi za mu yi?
Waɗanne alamomi ne in mun gani za mu dawo asibiti?
In ya daina cin abinci fa?
Wane asibiti na kusa da mu zai ci gaba da duba shi, kuma wa za mu kira?

Tambayar abinci tana da muhimmanci. In ciwo ya yi nisa, jiki yakan rage son abinci da kansa. Ɗura wa mutum da ƙarfi yana iya shaƙe shi. Gara a ba shi kaɗan kaɗan in ya nema, a riƙa jiƙa masa baki. Haka nan a tambayi yadda za a riƙa juya shi a kan shimfiɗa, don kada kwanciya ta fitar masa da gyambo. Kada kuma mu sayi maganin zafi irin su tramol wajen masu talla a kasuwa. Maganin zafi mai ƙarfi sai da takardar likita da awonsa.

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. Mu samu ɗan littafi mu ajiye kusa da mara lafiya. Kullum mu rubuta lokacin da aka ba da magani, da lokacin da zafi ya tashi, da abin da ya ci, da ranar da ya yi bayan gida. Ranar zama, wannan littafi zai gaya wa likita abin da idonsa bai gani ba. In ɗan'uwa yana nesa, a Yamai ko a wata ƙasa, ana iya kiran shi ta salula ya ji bayani da kunnensa, kamar yadda aka yi a Misuri.

Ku kuma ma'aikatan lafiya da ke karanta wannan shafi, muna roƙon ku: kafin ku sallami mai irin wannan ciwo, ku ba iyalinsa ɗan lokaci, ku zaunar da su, ku saurare su. Mu kuma masu karatu, mu kai wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba, a majalisa da wurin taron mata. Duk gidan da ke da mara lafiya kwance, su san suna da damar tambaya, kuma mai ciwon yana da damar faɗin abin da yake so.